Jan Layi a Wuyan Sandar Kawu

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata na manta da su, amma ranar da Kawuna ya durƙusa a gaban wata sandar ƙarfe yana neman hujjar da zai hana ni shiga gidansa, wannan ranar kam ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, yarana sun girma, amma duk sanda na riƙe gwangwanin jan ruwan da muke aiki da shi sai in tuna da farcensa a kan wuyan sandar nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwarta, a gidanmu na gado da ke Zongon Kwatano. Kakanninmu fatake ne da suka sauka nan tun garin bai zama gari ba, kuma Kawu ba ya gajiya da faɗin haka. Mutum ne mai kyauta, hannunsa a buɗe, sai dai Allah Ya zuba masa zargi. Idan ka gaishe shi yau da fara'ar da ta fi ta jiya, kana juya baya zai tambayi matarsa, wadda nake kira Inna, me kake nema. Idan likita ya rubuta masa magani, sai ya je wurin wani likitan ya kwashe ciwon daga farko ya faɗa, don ya ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Mun saba da shi har ya zama abin tsokana a gida, shi kuwa ko a jikinsa.

Sana'arsa ƙanƙara ce. Yana da ƙaramar masana'anta da ke sayar wa masuntan Ladji da matan da ke sana'ar kifi a wajen Fidjrossè. Da yake wutar gari ba ta da alƙawari, ya sayi wani ƙaton injin wuta na hannu, irin wanda mu a nan muke kira gurup. Kuma saboda bai yarda da kowa a kan man injin ba, kujerarsa a bakin ƙofar ɗakin gurup take. Nan yake wuni, nan yake karɓar baƙi, cikin ƙara da warin gazuwal, wato man dizal, har kunnensa ya fara nauyi. Kujerar tana daidai saitin wata sandar ƙarfe mai kaurin cinyar babban mutum, wadda ke haɗa injin da ɓangaren da ke ba da wutar. Duk ƙarfin injin ta jikin sandar nan yake bi, tana juyawa da gudun da ido ba ya gani.

Kawun nan ne ya kai ni makarantar koyon aikin hannu lokacin da mutanen unguwa ke cewa me mace za ta yi da ƙarfe. Na fito na samu aiki a wata tashar samar da wuta, aikina kuwa duba lafiyar ƙarfe. Mutane na dariya idan na ce ƙarfe yana gajiya, amma gaskiya ce. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya, ba za ta karye a karon farko ba, amma in ka ci gaba sai ta tsinke a hannunka. Haka sandar inji take. Tana ɗaukar nauyi tana saukewa dare da rana, sai wata 'yar tsaga ta fara daga inda ta taɓa samun rauni, ko da ƙarzuwa ce. Tsagar ba ta ganuwa, ba ta ƙara, tana dai ci a hankali, har ranar da abin da ya rage ya kasa, sai ta karye lokaci guda ta yi jifa da duk abin da ke jikinta. Aikinmu shi ne mu gano tsagar kafin ranar ta zo.

Mijina kuma mutumin Sakkwato ne, ya zo Kwatano da ƙuruciyarsa, yana da shagon kayan gyaran gurup a wajen Jonquet. Kawu ya ba shi ni, amma bai taɓa ba shi yarda ba. Har muka haifi yara, idan zai ambace shi sai ya ce “baƙon nan”. Shi kuwa bawan Allah sai ya yi murmushi ya ce, “Baba ke nan.”

Ana saura 'yan kwanaki azumi, lokacin da kowa ke neman ƙanƙara, gurup ya fara wani irin kaɗawa. Makanike ya ce boris ne ya ci, wato zoben da sandar ke juyawa a cikinsa. Aka kwance sandar aka kai shagon mijina, domin shi kaɗai ke da irin boris ɗin da kuma abin matsa shi. Kawu bai so ba, dole ce ta sa. Ta kwana biyu a can.

A rana ta biyu na biya shagon daga wurin aiki, na gan ta kwance a kan katako. Mai irin aikina ba ya ganin sanda tsirara ya wuce, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na ɗauko gwangwanayena daga jaka, na wanke wuyan sandar tas, wato inda kaurinta ke raguwa, domin nan ne nauyi ya fi taruwa. Na fesa jan ruwa, na jira ya shiga duk inda zai shiga, na goge, sannan na fesa farin. Farin nan kamar alli yake, in akwai tsaga sai ya zuƙo jan da ya maƙale a ciki. A wuyan farko ban ga komai ba. A na biyu kuwa, ina tsaye ina kallo, sai ga wani siririn jan layi yana fitowa a cikin farin, yana bin wuyan sandar yana zagayawa. Na duba inda ya faro, na ga wasu 'yan sara guda uku ƙanana da suka haɗu a wuri ɗaya, da gani bakin cizal ne, wato ƙarfen nan mai kaifin baki da ake bugawa da guduma. Na ce a raina wani mara hankali ya taɓa dukan wurin nan garin cire wani abu.

Ban tsaya ba, na hau zemijan, wato ɗan acaɓanmu na nan, sai masana'anta. Na tarar da Kawu a kujerarsa duk da gurup ɗin a kashe yake. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Kawu, sandar nan kada a mayar da ita. Ta gaji, ta tsage a wuya.”

Ya kalle ni ta gefen ido. “Ta gaji? Jaki ce?”

Na nuna masa hoton a wayata. Bai ko karɓa ba, ya ce waya ai har mamaci tana sa shi magana. Na yi masa bayanin wayar da ake lanƙwasawa, na ce in ta karye tana cikin gudu, ƙarfen da zai tashi kujerarsa zai fara samu. Ya ci gaba da jan carbi, ni kuma na ɗauka maganar ta shige shi. Ashe lissafi yake yi.

“Bon,” in ji shi, “to” ke nan a Faransancin garinmu. “Sabuwar sanda, a duk Kwatano wa ke iya kawo ta?”

Ni da shi mun san amsar, mijina ne kaɗai.

“Kuma a shagon wa ta kwana?”

“Kawu!”

“Ke, 'yar nan, ni na raine ki, amma yanzu tuwon wani kike tuƙawa. Sandata ta fita daga nan lafiya lau, ba ta taɓa yi min ko tari ba. Ɗayan biyu ne. Ko dai ƙarya kike yi min don mijinki ya sayar, ko kuma an ɗauke tawa an ajiye min ruɓaɓɓiya. Gobe da safe a kawo ta nan. In tawa ce kuma lafiyarta ƙalau, a ɗaura ta in ci gaba da aikina. In an canza min ita, daga ke har baƙon nan kada wanda ya sake taka min ƙofar gida.”

Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Mutumin da ya goya ni zuwa asibiti lokacin da na yi ƙyanda, yau shi ke kallona kamar ɗan damfarar tasha. Na fito ina hawaye a kan titi, ban damu da masu kallo ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne duk ta inda na juya babu daɗi. In na janye maganata, zai ɗaura sandar ya zauna a gabanta. In na tsaya a kanta, zai ce an canza, na rasa gidan da na tashi a ciki.

Sai dai zargi mugun abu ne, yana yaɗuwa. Kafin in kai gida tambayar Kawu ta riga ta yi gida a kaina. Gwangwanayena suna iya nuna min cewa sanda ta tsage, amma ba za su iya gaya min ko ta wane ne ba. Ni ban taɓa ganin sandar Kawu a kwance ba sai ranar nan. Na kuma tuna cewa a bayan shagon mijina akwai tsofaffin sanduna jingine da bango, har da wata mai kama da ita. Da yamma ina zuba masa abinci ina satar kallonsa. Ya yi dariya da yara, na ce a raina me ya sa yake fara'a haka. Ya fita amsa waya, na ce da wa yake magana. Na zama Kawu sak ba tare da na sani ba.

Daga ƙarshe na kasa haƙuri na ce, “Baban yara, sandar nan, ita ce dai wadda aka kawo?”

Ya ajiye cokali. Ya dube ni ya ce, “Baba ne ke tambaya, ko ke?”

Ya wanke hannu ya tafi masallaci, abincin ya huce a wurin.

Washegari da hantsi aka turo sandar a kura, mijina na biye da ita cikin farar rigarsa, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Na riga na wanke wuyan da na gwada jiya, don kada Kawu ya ce zane na yi. Aka sauke ta a kan buhuna a tsakar masana'anta. Inna ma ta zo, ta ce ba za ta zauna a gida ana yanke zumunci a bayan idonta ba.

Kawu ya fara da nasa gwajin. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa tsakiyar sandar, ta yi ƙara mai tsawo mai daɗi. Ya dube ni. “Kin ji? Haka mai ciwo yake kuka?” Na ce masa siririyar tsaga ba ta hana ƙarfe amsawa, sai ta yi nisa sosai. Na fito da gwangwanaye, ya ce in ajiye, shi zai fesa da hannunsa. Kafin nan ma sai da ya sa aka ɗauko wani tsohon ƙarfen mota ya gwada a kai, wai ko jan ruwan nawa a jikin kowane ƙarfe yake zana layi. Bai ga komai ba. Sannan ya juyo kan sandar, ina faɗa masa yana yi, ya fesa ja, muka jira, ya goge, ya fesa fari. Jan layin ya fito a gaban idonsa, daga aikin hannunsa.

Na ɗauka an gama. Amma Kawu ya miƙe ya kaɗe hannu, har da ɗan murmushi.

“Wala, ga shi nan! Ta tsage, na yarda. To ba tawa ba ce.” Ya juya wajen mijina. “Kai, kana tsammani yau aka haife ni? Duk abin da na mallaka yana da shaida. Ranar da gurup ɗin nan ya fito daga tashar jirgin ruwa, kafin kowa ya taɓa shi, na rufe ƙofa na sa wa kowane babban ƙarfe shaidar gidanmu, wadda kakanmu ke sa wa kayansa in za a shiga ayari. Ba wanda ya san ta, ba wanda ya san inda take.”

Ko ni da na tashi a gidan ban taɓa jin wannan ba. Ya karɓi tabarau daga hannun Inna, ya tafi ɗaya wuyan, wanda ba shi da tsaga, ya durƙusa. Ya sa aka juya sandar a hankali yana bin ta da farce. Aka zagayo da ita, aka sake zagayowa. Ya ɗago fuskarsa tana ƙyalli.

“Babu!” Ya ɗaga murya har ma'aikata suka leƙo. “Babu shaida! Na faɗa muku!”

Na kalli mijina, shi kuma ba Kawu yake kallo ba, ni yake kallo. Inna ta fara salati. A daidai lokacin ne wani abu ya faɗo min a rai.

Na ce, “Kawu, shaidar yaya take?”

“In gaya miki don ku je ku buga?”

“Sandar ga ta a gabanka, ba inda za ta. Da fenti ka yi ta?”

Ya yi tsaki. “Fenti? Wanda ɓarawo zai kankare da wuƙa? Da cizal na buga ta, a lungun wuya, inda ba mai iya goge ta sai ya ɓata sandar.”

Inna ta ce, “Alhaji, zana mata mana, tunda abin ya kai haka.” Ya sunkuya ya ja layi uku a ƙasa da yatsa, sun haɗu a gindi kamar sawun kaza.

Sandar kusan kamanninta ɗaya ne ta kowane gefe, ga shekaru sun ja, ga shi an kwantar da ita a juye. Na ɗauki tsumma na je wuyan da ya tsage, na share farin daga inda jan layin ya faro. Na kama hannun Kawu, hannun da ya riƙe nawa ranar da aka fara kai ni makaranta, na ɗora farcensa a wurin. Farcen ya faɗa cikin sara na farko, ya faɗa na biyu, ya faɗa na uku. Jan ruwan yana ta sake tsattsafowa daga na tsakiyan, daga nan kuma layin ya kama hanya ya zagaya.

Ya daɗe a durƙushe. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce.

“Tawa ce.”

Ya ɗago kai ya dube ni.

“'Yar nan, daga nan ta fara?”

Na ce, “Daga nan ne, Kawu. Wurin da ya fi ɗaukar nauyi ke nan. Rauni kaɗan yake nema.”

Na so in ji daɗi, domin an wanke ni, an wanke mijina. Amma tausayi ne ya kama ni. Tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa yana tsaron kada a cuce shi, ga shi yau ya kama wanda ya yi masa ɓarna, kuma ba shi da wanda zai kora.

Mijina ne ya matso ya kama shi ya tayar da shi. Ya ce, “Baba, akwai wata tsohuwa a bayan shago, in Injiniya ta duba ta ce lafiya, a ɗaura ta ta riƙe ku azumi kafin sabuwa ta iso.” Ni ce Injiniyar, sandar kuma ita ce wadda na gani jingine na yi ta saƙe-saƙe a kanta. Kawu bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne, kuma ban sa rai ba. Ya dai ce, “To, ɗana, yi yadda ka gani.” Ranar ce ta farko da na ji ya kira shi da wani suna ban da baƙo.

Bayan sallah na kai tsohuwar sandar wurin aikinmu muka ƙarasa karya ta, na kawo wa Kawu guntun ya gani. Cikin karayar akwai layuka a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar waɗanda ruwa ke bari a yashin bakin tekun Fidjrossè in ya janye, dukkansu sun faro daga sawun kazar nan. Tsagar ta ci fiye da rabin ƙarfen. Ya juya guntun a hannunsa, ya ɗaga kai ya kalli kujerarsa, ya sake kallon guntun. Da yamma ya sa aka mayar da kujerar ƙarƙashin bishiyar da ke bakin titi.

Ranar da sabuwar sandar ta iso na duba ta na ce lafiya. Muna tsaye sai na ga hannun Kawu ya shiga aljihu ya fito da ɗan cizal, tsoho, bakinsa ya sha wasawa. Sabo ne kawai. Muka haɗa ido. Ya kalli cizal ɗin kamar bai san yadda aka yi ya zo hannunsa ba, sai ya miƙa wa mijina ya ce, “Riƙe min wannan a shagonka, kada ka ba ni ko na tambaya.” Har Kawu ya rasu cizal ɗin yana can, yanzu ma yana cikin durowar shagon.

Abin da na koya ranar nan ba a makaranta aka koya min ba, duk da cewa ƙarfe na karanta. Ba kullum ne ɓarawo ke karya abin da muke ji da shi ba. Wani lokaci alamar da muka buga masa don ba mu yarda da kowa ba, ita ce raunin da zaman yau da gobe zai yi ta buɗawa ba tare da mun ji ko ƙara ba. Tun daga lokacin, idan zargin wani nawa ya taso min har tambaya ta zo bakina, sai in tsaya in tuna cewa sara uku ne kawai Kawu ya yi, ƙanana, kuma da niyyar tsaro ya yi su.